Ƙwayar gado, kuromosom da DNA: ina bambancin yake, kuma wane gwaji ke ganin me?

Ɗalibar Kimiyya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kalmar "ƙwayoyin halitta" ta zama jakar magori: a faɗe ta ana nufin sel, a faɗe ta ana nufin abin da ake gada daga iyaye, wani lokacin ma DNA ɗungurungum. Shi ya sa idan aka ce sikila matsalar ƙwayoyin halitta ce, ciwon Down ma haka, sai mutum ya ɗauka gwaji ɗaya zai nuna su duka. Malamai, don Allah a warware mana daga tushe.

Malamin Bayoloji: Wa alaikumus salam. To mu fara daidaita sunaye, in ba haka ba za mu kwana muna zagaye wuri ɗaya. A wannan zaren, sel shi ne ƙwayar halitta. Abin da ake gada mu kira shi ƙwayar gado.

DNA dogon zare ne mai igiya biyu a murɗe, an jera shi da sinadarai huɗu da ake taƙaitawa da A, T, G, C. A kullum tana riƙe da T, G tana riƙe da C, saboda haka idan ka san jerin igiya ɗaya ka san na ɗayar. A saiti guda na ɗan Adam akwai irin waɗannan haruffa biliyan 3 da ɗoriya, kuma kowane sel na da saiti biyu, na uwa da na uba. Idan aka warware na sel ɗaya tak aka miƙe shi, zai kai kusan mita 2, alhali faɗin cibiyar sel ɗin da ke ɗauke da shi bai wuce kashi 6 zuwa 10 cikin dubu na milimita ba. Dabarar ita ce naɗi. Zaren na naɗuwa a jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar zare a kwarkwaro, haruffa 147 a kowane dunƙule mai histon takwas, sannan dunƙulen su sake naɗuwa.

Kuromosom shi ne zare guda cikakke tare da furotin ɗin da ya naɗe shi. Muna da 46, wato tagwaye 23: 22 na gama-gari, sai na jinsi, XX ko XY. Ƙwayar gado kuwa yanki ne a jikin zaren, wanda ake kwafa a yi furotin ko RNA mai aiki (RNA ɗan'uwan DNA ne mai igiya ɗaya). Masu yin furotin sun kai wajen 20,000.

Mai Gwajin Jini: Malam, gyara kaɗan a kan "kowane sel". Jajayen ƙwayoyin jini da suka balaga ba su da cibiya, don haka ba su da kuromosom ko ɗaya. DNA ɗin da ake cirowa daga jini na fararen ƙwayoyi ne. Ƙwan mace da ƙwayar maniyyi kuma 23 suke ɗauke da shi, ba 46 ba.

Malamin Bayoloji: Na karɓi gyara. A ƙara da maitokondiriya, sashen sel mai samar da ƙarfi, mai nasa ɗan DNA zagayayye, haruffa 16,569, ƙwayoyin gado 37, kuma ta wajen uwa ake gadonsa.

Mai Karanta Kuromosom: Shi kansa 46 ɗin bai daɗe da tabbata ba. Fiye da shekara 30 littattafai suna cewa 48 ne, sai a 1956 Tjio da Levan suka ƙirga daidai a Lund ta Suwidin. Ba idon na baya ne ya fi rauni ba, kuromosom ɗin ne ke cunkushe a kan juna. Da aka koyi jiƙa sel a ruwan gishiri mai rauni don ya kumbura su bazu, sai lissafi ya fito. Wato an gano surar DNA a 1953 tun ba a san adadin kuromosom ɗinmu ba.

Ɗalibar Kimiyya: To daga harafi zuwa furotin fa? Nan ne ake yawan yin tsalle.

Malamin Bayoloji: Mataki biyu ne manya, da ɗan ƙarami a tsakani wanda ake rainawa.

Na farko kwafi. Wani enzaim, wato furotin mai gudanar da aikin sinadarai, mai suna RNA folimares yana buɗe zaren ya kwafi igiya ɗaya zuwa RNA, inda U ke maye gurbin T. Kwafin farko ɗanye ne, a cikinsa akwai sassan da za a yi amfani da su, ekson, da waɗanda za a yanke a zubar, intron. Kusan kowane intron yana farawa da GT ya ƙare da AG, nan almakashin sel ke gane wurin yanka. Idan harafi ɗaya ya canza a wannan bakin, yankan ya karkace, ko da ekson ɗin duk lafiyarsu ƙalau.

Sannan fassara. Raibosom, injin sel mai ƙera furotin, na karanta RNA uku-uku, kowane uku ana kiransa kodon. Huɗu sau huɗu sau huɗu, 64 ke nan: 61 na nuna amino asid guda 20, tubalan ginin furotin, uku kuma, UAA da UAG da UGA, na cewa a tsaya. AUG ce mafari. Nirenberg da Matthaei ne suka karanta kodon na farko a 1961, UUU.

Ga misali da kalmomi masu harafi uku-uku: YAU ZAN BAR NAN.
Canza harafi ɗaya: YAU ZAN BAR CAN. Jimla ta tsaya, ma'ana ta sauya.
Cire kalma guda cif: ZAN BAR NAN. An yi asara, amma ana fahimta.
Cire harafi ɗaya tak, A ɗin farko, ka ci gaba da karantawa uku-uku: YUZ ANB ARN AN. Komai ya wargaje.

Likitar Yara: Misalin nan na ƙarshe shi ne ainihin bambancin ciwon tsoka na Duchenne da na Becker. Ƙwayar gado ɗaya ce, ta furotin ɗin tsoka mai suna distirofin, a kan kuromosom X, mai haruffa sama da miliyan 2 da ekson 79. Idan abin da ya ɓace ba ya rabuwa da uku, karatun ya goce, a ci karo da alamar tsayawa tun da wuri, furotin bai samu ba: Duchenne, mai tsanani. Idan yana rabuwa da uku, ana samun gajeren furotin mai ɗan aiki: Becker, mai sauƙi. Sau da yawa wanda ya rasa yanki babba ya fi wanda ya rasa ƙarami samun sauƙi. Girman ɓarna a DNA ba shi ne girman ciwo ba.

Mai Gwajin Jini: Sikila kuma ita ce "NAN" da "CAN". Ƙwayar gado HBB a kuromosom na 11, wadda ke yin sarƙar beta, mai amino asid 146, ta himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini. A kodon na 6, GAG ta koma GTG, sai amino asid balin ya hau gurbin gulutamik asid, himogulobin A na al'ada ya zama S. Gulutamik asid na son ruwa, balin ba ya so. Idan iskar oksijin ta yi ƙasa, wannan ɗigon na balin sai ya maƙale a jikin himogulobin na kusa, su yi ta haɗuwa su zama dogayen sanduna, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje. Lafiyayyar ƙwaya na yin kwana 120, wannan kwana 10 zuwa 20. Pauling ya nuna a 1949 cewa furotin ɗin ne ya bambanta, Ingram kuma ya gano amino asid ɗin a tsakanin 1956 da 1957. A wannan kodon ɗin dai, idan GAG ta koma AAG, an sami himogulobin C.

Idan kun ga wani rahoto ya rubuta 7 maimakon 6, ba kuskure ba ne, ya ƙirga da amino asid na farko, metiyonin, wanda ake cirewa daga baya.

Dattijon Zaure: Ina da ja a nan. Ana koya wa yara cewa S "mai rauni" ce, A "mai rinjaye". Amma mai AS idan aka auna jininsa ana ganin A ana ganin S. Ina rinjayen?

Malamin Bayoloji: Ranka ya daɗe, jan naka a kan hanya yake. Rinjaye ba halin ƙwayar gado ba ne ita kaɗai, ya danganta da abin da kake dubawa. In ciwo kake dubawa, A ta rinjaya, domin mai AS yawanci lafiyarsa lau. In furotin kake dubawa, duka biyun suna aiki, S na kai wajen kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari. Mendel siffar waje ya duba a tsirransa a 1865, bai san DNA ba. Kalmominsa na da amfani har gobe, amma ba su ne ƙarshen zance ba.

Likitar Yara: Ni kuskuren da ya fi damuna shi ne "ɗaya cikin huɗu". AS da AS: kowane ciki, kashi 25 cikin ɗari SS, 50 AS, 25 AA. Kowane ciki, ba kowane 'ya'ya huɗu ba. Cikin yau bai san abin da na jiya ya haifa ba. A lissafa: yiwuwar a haifi huɗu babu SS ko ɗaya ita ce 3/4 sau huɗu a jere, 81 cikin 256, kusan kashi 32. Ma'ana, kusan kashi 68 cikin ɗari za a sami aƙalla ɗaya. Mai cewa "mun riga mun haifi mai sikila, sauran ukun sun tsira" ya yi lissafin dokin rano.

Ɗalibar Kimiyya: Yauwa. To Down fa, me ya raba shi da wannan?

Mai Karanta Kuromosom: 'Yar'uwa, a Down babu harafin da ya lalace. Kuromosom na 21 ne ya zama uku maimakon biyu, an tabbatar da haka a Faransa a 1959. Ƙwayoyin gadon da ke kansa, sama da 200, lafiyayyu ne, yawansu ne ya wuce kima.

Asalin abin a rabon da ake kira mayosis yake, wanda ke rage 46 zuwa 23. Tagwayen kuromosom na haɗuwa, su yi musayar sassa, sannan a ja kowanne gefe guda. Ko ba a lissafa musayar ba, akwai hanyoyi 8,388,608 na raba tagwaye 23, shi ya sa 'yan uwa ciki ɗaya ba sa zama iri ɗaya. Idan wasu tagwaye suka ƙi rabuwa, sel ɗaya ya tafi da 24, ɗayan da 22.

Me ya haɗa shi da shekarun uwa? Ƙwayayen mace sun fara wannan rabo tun tana cikin mahaifiyarta, suka tsaya a tsakiya, ba sa ƙarasawa sai lokacin da za a saki ƙwan. Furotin ɗin da ke riƙe tagwayen, kohesin, yana sassautawa da shekaru. Yiwuwar na kai wajen 1 cikin 350 a shekara 35, da 1 cikin 100 a shekara 40.

Amma a kula, kusan kashi 95 ne ke zuwa ta wannan hanya. Kashi 3 zuwa 4 na zuwa ne ta mannewa: 21 ya manne a jikin wani, galibi na 14. A nan ɗaya daga cikin iyayen na iya zama mai kuromosom 45, lafiyarsa ƙalau domin bai rasa wani abin kirki ba, amma abin na iya maimaituwa a haihuwa ta gaba. Idan uwa ce ke ɗauke da mannewar 14 da 21, ana ƙiyasta kashi 10 zuwa 15. Idan 21 ne ya manne da ɗan'uwansa 21, duk ɗan da aka haifa da rai zai zo da Down. Wannan ne dalilin da ba a wadatuwa da kallon fuskar jariri, sai an ga kuromosom ɗin.

Dattijon Zaure: Me ya sa 21 aka fi ji, ba a jin na 1 ko na 2?

Mai Karanta Kuromosom: Suna faruwa, cikin ne ba ya zama. Na 1 haruffansa kusan miliyan 248, ƙarinsa ya fi ƙarfin ɗan tayi. Na 21 shi ne mafi ƙanƙanta, bai kai miliyan 50 ba, har ya fi na 22 ƙanƙanta, masu ba da lamba ne suka yi kuskure tun farko aka bar shi haka. Ana haihuwar masu 18 uku da 13 uku, amma akasari ba sa daɗewa. Na jinsi sun fi sauƙi, kamar 47,XXY, wato X biyu da Y ɗaya, domin sel na kashe aikin duk X ɗin da ya wuce ɗaya, abin da Mary Lyon ta bayyana a 1961.

Ɗalibar Kimiyya: To mu dawo tambayata ta farko. Gwajin.

Mai Karanta Kuromosom: Gwajin ƙirga kuromosom sel mai rai yake buƙata. Jini a kwalba mai murfi kore, mai hefarin, sinadarin hana jini yin guda. Ba a daskarar da shi, ƙanƙara na kashe sel. A shuka fararen ƙwayoyin da sinadarin PHA mai sa su rabuwa, na awa 72 a digiri 37, a zuba kolsemid don su tsaya a daidai lokacin da kuromosom ya fi kauri, a jiƙa su a ruwan gishirin KCl mai ƙarfin mola 0.075, a kafe su da metanol kashi 3 da asetik asid kashi 1, a ɗiga a gilashi, a taɓa da tirifsin, a rina da Giemsa. Ana samun zane-zane 400 zuwa 550, kuma ana ƙirga sel wajen 20, ba ɗaya ba, saboda wani mutumin sel ɗinsa gauraye ne.

Inda ake tuntuɓe: kolsemid ya daɗe, kuromosom su gajarce zanen ya haɗe. Jiƙon ya gaza, su cunkushe. Jiƙon ya wuce, sel ya fashe wasu su ɓace, ka ƙirga 44 ka tayar wa mutane da hankali a banza. Kuma duk ƙwarewarka, abin da bai kai haruffa miliyan 5 zuwa 10 ba, ba za ka gan shi ba. Mai SS kuromosom ɗinsa 46 ne cif, kyawawa.

Mai Gwajin Jini: Na DNA kuma akasin haka ne, kwalba mai murfi shunayya, mai EDTA, wani sinadarin hana jini yin guda. Hefarin na hana PCR aiki, don haka musayar kwalaben nan biyu na ɓata gwaji biyu a lokaci guda.

PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, kwafin yanki ɗaya ce sau da yawa. Digiri 94 zuwa 95 igiyoyi su rabu, 50 zuwa 65 'yan guntayen jagora su kama wurinsu, 72 enzaim Taq ya gina sabuwar igiya, wajen haruffa 1,000 a minti. Zagaye 30 a lissafi ya ba da kwafi sama da biliyan 1. Ƙarfinta shi ne rauninta: ɗigon da ya fantsamo daga gwajin jiya ma za ta kwafe shi. Shi ya sa dole a sa bututu guda mai ruwa zalla. In ya nuna layi, alamar an kwafi wani abu ke nan, a zubar da sakamakon ranar gaba ɗaya. In zafin mataki na biyu ya yi ƙasa, layukan banza su fito. In ya yi sama, ba abin da zai fito.

Ga wani tarko. Tsohuwar hanyar gano S ita ce a yanka yankin da enzaim MstII, mai neman CCT, kowane harafi, AGG. A tana da CCTGAGG, ta yanku. S tana da CCTGTGG, ba ta yanku ba. Amma C tana da CCTAAGG, ita ma ta yanku kamar A. Wato mai SC zai fito kamar AS.

Likitar Yara: Kuma gwajin da aka saba kira "jinotaif" a asibiti ba ya taɓa DNA sam, furotin yake rabawa da lantarki. Abubuwa huɗu ke ruɗa shi. Wanda aka yi wa ƙarin jini, jinin mai bayarwa za a gani, sai a jira wajen wata uku. Jariri sabon haihuwa, himogulobin F, na ɗan tayi, ne ya cika jininsa, sai wajen wata shida yake ja baya. Himogulobin D da G, wasu nau'ukan daban, na tsayawa a layin S. Na huɗu shi ne mai raba aure: mai ɗauke da beta talasemiya yana fitowa AA, alhali kwafinsa ɗaya na HBB ba ya aiki ko yana aiki kaɗan. In ya haɗu da mai AS, za su iya haifar ɗa mai ciwon sikila sosai. Kafin a zargi kowa, a auna himogulobin A2 na mai "AA" ɗin da HPLC, na'urar da ke auna yawan kowane nau'in himogulobin. In ya haura kashi 3.5, ga ƙwayoyin jininsa ƙanana, an kama bakin zaren.

Dattijon Zaure: Tun da an ce sassan da ke yin furotin kashi 1 zuwa 2 ne kawai na DNA, sauran fa? Ni dai ban yarda da masu cewa shara ba ce. A 2012 babban aikin binciken DNA mai suna ENCODE ya ce kashi 80 na da aiki.

Malamin Bayoloji: A nan kam mun rabu, ranka ya daɗe. Abin da suka auna shi ne ko an kwafi wurin, ko wani furotin ya taɓa sauka a kai. Sawun ƙafa a fili ba ya nuna gona ce. Idan aka duba sassan da canji a cikinsu ke cutarwa, ƙiyasin na sauka zuwa wajen kashi 10. Kusan rabin DNA ɗinmu maimaici ne. Wani yanki da ake kira Alu kaɗai, mai haruffa wajen 300, ya fi kwafi miliyan 1. Akwai kifi mai huhu a Kudancin Amurka da DNA ɗinsa ya ninka namu kusan sau 30. Da duk harafi na da aiki, me yake yi da su?

Dattijon Zaure: Amma da ma can an taɓa kiran wuraren kunnawa da kashewa shara, daga baya aka janye.

Malamin Bayoloji: Wasunsu, ƙwarai. Misali, abin da ke sa babba ya ci gaba da narkar da sukarin madara ba a cikin ƙwayar gadon laktes, enzaim mai narkar da shi, yake ba, yana can nesa da haruffa wajen 14,000, a cikin intron ɗin wata ƙwayar gado daban, MCM6. Ban ce duk shara ba ce. Na ce "ba ya yin furotin" daban, "ba shi da aiki" daban, "yana da aiki" kuma sai da hujja.

Mai Gwajin Jini: Ku duka biyun ga abin da zai yi muku daɗi. Maganin sikila na farko da ke amfani da CRISPR, fasahar yanka DNA a wurin da aka zaɓa, wato Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba, bai taɓa harafin GTG ba ko kaɗan. Wurin kunna BCL11A yake yankewa, wanda shi ma a cikin intron yake. BCL11A ce ke kashe himogulobin F bayan haihuwa. Da aka rage mata ƙarfi a sel masu yin jini, F ya dawo, shi kuma yana hana sandunan S haɗuwa. Sai dai a sani, sel ɗin ɓargo aka gyara, bayan an share tsofaffin da magani mai ƙarfi. Ƙwai da maniyyi ba a taɓa su ba, don haka wanda aka yi wa har yanzu S zai ba 'ya'yansa.

Ɗalibar Kimiyya: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. In iyaye duka ba su da wani canji, daga ina yake zuwa wa ɗa?

Malamin Bayoloji: Daga kwafi. Enzaim mai kwafin DNA na yin kuskure kusan sau 1 a haruffa 100,000. Yana komawa baya ya goge da kansa, wani rukunin furotin kuma ya bi sawu ya gyara ragowar, har kuskuren ya koma wajen 1 a biliyan ko ƙasa da haka. Duk da haka kowane jariri na zuwa da sabbin canje-canje wajen 60 zuwa 70 da babu su a jinin iyayensa. Mafi yawansu daga uba suke, kuma suna ƙaruwa da shekarunsa, domin sel masu yin maniyyi ba sa daina rabuwa. Akasarinsu na faɗawa inda ba su da tasiri.

Likitar Yara: A Duchenne wajen kashi ɗaya cikin uku sabon canji ne, a gwada jinin uwa a ga babu. Amma ko a nan ba a ce mata haɗarin ya zama sifili, domin canjin na iya kasancewa a wani ɓangare na ƙwayayenta ba tare da ya bayyana a jini ba. Ana ba ta shawarar gwaji a ciki na gaba duk da haka.